Hajiya ta ce waya ta canza mata ɗiya: awa nawa ne ya yi yawa?

Wata Hajiya daga Tudun Wada nan Gusau ta turo mani tambaya, doguwa ce, bari in taƙaita. Ta ce ɗiyarta mai shekara 17 ta ƙare sakandare tana zaune gida tana jiran admishan, tun da yayanta ya sai mata babbar waya yarinya ta canza, ba ta fira da kowa, har ƙarfe biyu na dare tana TikTok da Instagram, abinci sai an yi faɗa, abu kaɗan sai kuka. Babansu ya ce a ƙwace wayar kowa ya huta, gwaggonta kuma ta ce a kai ta ruƙiyya. Shine take tambaya, wai da gaske soshiyal midiya na sa ciwon damuwa, kuma awa nawa ne ya yi yawa a rana?

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Ni aikina kenan, zama da masu damuwa da firgici da rashin barci, kuma wagga tambaya ta awa nawa kusan duk sati sai an yi mani ita. Zan fara da abin da ba za ki so ji ba: babu wani adadin awa da likitanci ya yanke ya ce daga nan ciwo ya fara. Ba kamar hawan jini ba ne da za a ɗaura maki awo a hannu a ce ya kai kaza. Na ga mai awa bakwai a waya tana saida atamfa da turaren wuta a sitatus, lafiyarta lau tana ta dariya da kwastomominta, na kuma ga mai minti arba'in kacal da ke tashi daga kan waya zuciyarta a dagule har gobe. Kin ga kenan ba a agogo gizo ke saƙar ba.

Amma ba wai babu alaƙa ba, akwai, kuma an yi bincike mai yawa a kai. Wanda aka fi ambata shine na 2019 da aka yi kan yara Amurkawa sama da 6,500 masu shekara 12 zuwa 15, aka ga waɗanda ke wuce awa uku a rana sun fi sauran faɗawa cikin damuwa da fargaba, kusan ninki biyu. Daga nan ne maganar awa ukun ta bazu, har babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya kawo ta cikin gargaɗin da ya fitar a watan Mayu 2023. To sai dai a wannan shekara ta 2019 ɗin dai, wasu masana biyu na jami'ar Oxford, Amy Orben da Andrew Przybylski, suka tattara bayanan matasa sama da 350,000 na Ingila da Amurka suka bi su ta kowace hanyar lissafi, abin da ya fito shine zama gaban sikirin bai bayyana fiye da kashi 0.4 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin yaro mai walwala da marar walwala ba. Har suka yi wani kwatance mai ban dariya, suka ce girman alaƙar bai wuce na yawan cin dankalin turawa ba, sa tabarau na ciwon ido ma ya fi shi. Isasshen barci da karin kumallo da ko ana cin zalin yaro a makaranta, waɗannan su ne suka yi nauyi a ma'aunin.

To wa za a gaskata? Duka biyun gaskiya suka faɗa, kowa dai da inda ya tsaya. In kika zuba yara dubu ɗari uku a tukunya ɗaya kika juya, wadda waya ta cutar da wadda waya ta taimaka da wadda ko a jikinta duk sun gauraye, sai sakamako ya fito kamar ba komai. Kamar a haɗa kuɗin Alhajin da ke da tireloli da na mai tura baro a kasuwa a raba biyu a ce kowannensu na da rufin asiri. Ita ɗiyarki ba matsakaicin lissafi ba ce, mutum ɗaya ce mai nata labari.

Sannan akwai wata matsala da ke damun duk irin wanga bincike, wato wa ya riga wani. Yarinya ta daɗe a waya ne sai damuwa ta kama ta, ko damuwa ce ta kama ta ta rasa barci ta rasa abokin magana sai ta lafe a waya? Wani bincike a Kanada da ya bi yara shekara da shekara ya ga a wurin 'yan mata alamun damuwa ne ke fara bayyana, daga baya yawan hawa soshiyal midiya ya biyo. Ni ma abin da na fi gani kenan a ɗakin aikina, wallahi sau da yawa waya hayaƙi ce, wutar tana wani wuri. Ki duba labarin da kika ba ni da kanki: ta ƙare makaranta, ƙawayen da take gani kullum sun watse, wasu sun samu admishan suna ɗora hoto a bakin get ɗin jami'a, wata an kawo lefenta, ita ba Islamiyya ba sana'a, daga ɗaki sai tsakar gida. Ko da babu waya a duniya irin wanga zama na iya kwantar da mutum. Wayar ta zo ne daidai lokacin da komai nata ya tsaya, shi ya sa kowa a gidan ke nuna ta da yatsa.

Kada kuma ki ɗauka ina wanke wayar ne. An yi gwaji na gaske, irin wanda ake raba mutane kashi biyu. A 2018 a jami'ar Pennsylvania an ɗauki ɗalibai 143, wani kashi aka ce minti goma kawai a kowane ɗaya daga Facebook da Instagram da Snapchat, wato rabin awa a rana, na tsawon sati uku. Kaɗaici da alamun damuwa suka ragu, kuma waɗanda suka fi amfana su ne waɗanda dama suka shigo da damuwa mai nauyi. Wasu masana tattalin arziki kuma a ƙarshen 2018 ɗin suka biya mutane kuɗi su rufe Facebook na sati huɗu, a matsakaici suka samu rarar kusan awa guda a rana, suka ƙara zama da iyali da abokai, walwalarsu ta ɗan ƙaru. Ki lura da ɗan da na ce, ƙaruwar ba mai yawa ba ce, ba wanda ya warke daga ciwo don ya rufe Facebook. Amma dai akwai ta.

Mu ma nan ai an yi mana namu gwajin ba tare da an nemi izininmu ba. Kin tuna farkon Satumba 2021 da aka katse sabis a faɗin jihar saboda 'yan bindiga, aka ce sati biyu abu ya zarce, mu na Gusau sai da Oktoba ta kama, na ƙauyuka kuwa suka daɗe bayanmu? Mutane har Funtua suke shiga mota don su buga waya ɗaya. Ni ba ƙidaya na yi ba, abin da idona ya gani nike faɗa. Majalisar ƙofar gida ta dawo, samari da ba su taɓa zama sun yi fira da tsofaffi ba sai ga su kan tabarma bayan isha'i, wani matashi da nike dubawa kan rashin barci ya zo yana ce mani shi dai bai san mi ya faru ba ƙarfe goma yake kwanciya yanzu. Amma cikin wancan watan dai na ga wata uwa da ɗanta ke karatu Zariya ta rame ta kwanta don sati uku ba ta ji muryarshi ba, na ga mai sana'ar da duk cinikinta ta WhatsApp ne jarinta ya karye ta shiga tunani. Yankewa ɗaya ce, wani ta zame mashi magani wani ta zame mashi ciwo. Tun daga lokacin na daina tambayar mutane awa nawa, na koma tambayar mi kike yi a ciki, kuma mi wayar ta ture ta zauna a wurinshi.

Kuma abu na farko da take turewa barci ne, nan nike so ki fi sa ido. Mai shekarun ɗiyarki tana buƙatar awa 8 zuwa 10. In ta aje waya ƙarfe biyu, aka tashe ta asuba biyar da rabi, ta koma ta yi wani guntun barci na wahala har hantsi, to Hajiya ko ke aka yi wa haka sati biyu sai kin riƙa kuka ba dalili kina faɗa da kowa. Rashin barci shi kaɗai na kawo saurin fushi, mantuwa, rashin cin abinci, ciwon kai, jin duniya ta yi baƙi. Kuma mu nan abubuwa sun haɗe mana: data ta fi araha da dare, sabis ya fi ƙarfi da dare, wuta ma sau da yawa sai dare ake kawowa a yi caji, gida ya yi tsit ba mai aiken ta. Su kuma masu ƙera manhajojin nan da gangan suka cire masu ƙarshe. Jarida kina kai shafin baya ta ƙare, wasan kwaikwayo na rediyo ana cewa sai mako mai zuwa, amma TikTok ba shi da gindi, kina turawa da yatsa wani na fitowa, tara ba daɗi na goma ya ba ki dariya, kuma rashin sanin wane ne zai yi daɗin shine ke riƙe mutum, irin dai abin da ke riƙe ɗan caca. Ba raunin tarbiyya ba ne, babba mai furfura ma kama shi yake yi. In kin duba wayar babansu ma ƙila ki sha mamaki, amma wannan tsakaninmu.

Na biyu shine kallon rayuwar mutane. Masu bincike sun daɗe da rarrabe mai shiga ta yi magana da 'yan uwa da ƙawaye da kuma mai shiga ta yi shiru tana ta kallo, ta biyun ita ta fi fitowa da ƙunci. Akwai wata yarinya da aka taɓa kawo mani, na canza wasu bayananta don sirri, na ce ta buɗe mani abin da take kallo. Biki ne daga sama har ƙasa, amarya da kaya kala bakwai, akwatunan lefe jere kamar shago, kamu, dina, masu kwalliya, kowace fata sumul ba tabo. Na ce mata kin san filta ce ko? Ta ce ta sani. Na ce kin san wasu kayan haya ne wasu bashi? Ta ce ta sani. Sai ta yi shiru ta ce, amma duk da haka in na duba madubi sai in ji kamar ni ce Allah ya manta da ni. Ta fara shafa man bilicin a ɓoye. Kin ga sani bai hana ji ba. Da can yarinya da 'yan unguwarsu take auna kanta, su goma ko ashirin, ta san gidansu ta san su ma tuwon jiya suka ɗumama. Yanzu da 'yan Abuja da Dubai take aunawa, kuma ranar da suka fi kyau a shekara kaɗai take gani. Kamfanin ma ya san da haka, a 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida, a ciki akwai inda binciken su da kansu ya nuna kashi 32 cikin ɗari na 'yan mata matasa sun ce in suna jin ba daɗi game da jikinsu Instagram na ƙara masu. Wani bincike na Ingila a 2022 ya nuna akwai shekarun da abin ya fi kama mutum, mata 11 zuwa 13, maza 14 zuwa 15, sai kuma duka biyun wajen shekara 19, lokacin da ake barin makaranta ana laluben inda za a dosa. Ɗiyarki na bakin wagga gaɓa.

Na uku kuma namu ne na nan, Turawan da suka yi waɗancan bincike ba su cika lissafa shi ba. Bidiyon gawarwaki. An kai hari wani ƙauye, kafin a yi jana'iza hotunan sun shiga guruf ashirin, ga muryar waɗanda aka sace suna roƙo, ga 'yan bindiga da kansu suna ɗora bidiyo suna nuna kuɗi. Yaranmu na kallon wannan da tsakar dare su kaɗai cikin duhu. Bayan harin bam da aka kai wurin gasar gudu a Boston a 2013, masu bincike sun gano waɗanda suka riƙa bin labarin awa shida ko fiye a rana cikin satin farko sun fi nuna alamun firgici a kan waɗanda ke wurin da kansu. Dalili kuwa wanda ke wurin sau ɗaya abin ya faru gare shi, mai kallo kuwa maimaitawa yake yi, ƙwaƙwalwa kuma ba ta iya bambancewa sosai, duk kallo sai jiki ya tashi kamar yanzu ne. Don Allah masu turawa guruf da sunan a taya da addu'a, a rubuta addu'ar kawai ta isa.

Akwai na huɗu da iyaye ba su cika kawowa a rai ba, kuma shi ya fi ba ni tsoro in yarinya ta canza farat ɗaya: wani na takura mata a ciki. Saurayi da ya karɓi hoto yana barazanar zai watsa, ko ƙawaye da suka taru a kanta a kwament, ko guruf da aka cire ta. Ruwa ba ya tsami banza. In haka ne, ranar da aka ƙwace wayar da faɗa ranar ce za ta tabbatar ba wanda za ta iya gaya wa.

Shi ya sa ban goyi bayan shawarar babansu ba, a gaya mashi da girmamawa. Ƙwace waya da ƙarfi yakan haifar da wayar ɓoye ko aron ta ƙawa, kuma in wayar ce kaɗai ƙofar da ta rage mata zuwa ga ƙawayenta kin toshe ta kin bar ta da bango huɗu. Abin da na fi ganin amfaninshi shine dokar dare, kuma ta hau kan kowa: ƙarfe goma duk wayoyin gida su kwana wuri ɗaya a ɗakinki suna caji, har da taki, har da ta yayan da ya sayo. In ita kaɗai aka sa wa horo ne, in kowa ne tsarin gida ne. Sati biyun farko za a sha ɓacin rai, ki daure. Sannan kada ki tambaye ta awa nawa take yi don ita ma ba ta sani ba, an gwada an ga abin da mutane ke faɗa da abin da wayarsu ta ƙirga ba su cika dacewa ba. Cikin saitin na wayar akwai inda ke nuna lokacin da kowace manhaja ta ci, ku duba tare, ki fara nuna mata taki. Ki ce ta nuna maki waɗanda take bi, ki yi dariya inda abin dariya yake, kada ki fara da wa'azi. Duk shafin da ta ce in ta kalla tana jin ta raina kanta ta daina bin shi, wannan ya fi rage awa amfani. Kuma a cika mata ranarta, don ba a cire abu a bar rami: Islamiyya ko hadda, ɗinki, koyon kwamfuta, ko da koyar da yaran maƙwabta ne da yamma, wani abu dai da zai sa ta yi wanka ta sa hijabi ta fita ta ga mutane.

Maganar gwaggo, addu'a da azkar ba wanda ya isa ya hana, ni ma ina ƙarfafa su, kuma ba sa karo da asibiti. Abin da ban yarda da shi ba shine duka da turaren barkono da tsare yarinya a ce sai aljani ya yi magana, na ga waɗanda aka kawo mana bayan an yi masu haka, gyaran ya fi na farko wuya.

In kuwa an yi sati biyu ko fiye kusan kullum tana cikin ƙunci, abin da da ke ba ta sha'awa ya daina, ta rame, ba ta wanka sai an matsa, tana cewa ita ba ta da amfani ko ta zame maku kaya, to wannan ya wuce gyaran waya, ku je babban asibiti ki ce kina son ganin likitan ƙwaƙwalwa, in babu a ranar za su ba ku rana ko su tura ku asibitin Kware da ke jihar Sakkwato. Zuwa can ba ya nufin hauka, yawancin masu zuwa da ƙafarsu suke zuwa su koma gida a ranar. A duba jininta ma, ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo na iya kama da damuwa. In ta taɓa furta gara ta mutu ko da cikin wasa ne, kada a jira sati biyun, a kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga inda hannunta zai kai, kada a bar ta ita kaɗai, a tafi a ranar. Kuma tambayar ta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta ba ya sa mata tunanin, sauƙi ma yake kawo mata.

Yau da dare in an yi isha'i ki kira ta ɗakinki ke da ita, ki ce ta zo ta taya ki tsefe kai ko ninke kaya, magana ta fi fitowa in hannu na aiki ido ba ya cikin ido. Kada ki ambaci waya ko sau ɗaya. Ki ce na ga kwanan nan ba ki jin daɗi, mi ke damun ki, sai ki yi shiru ko da shirun ya yi tsawo. In kin sake rubuto mani ki haɗo da abu uku: ƙarfe nawa take barci da gaske, wace manhaja ce ta fi cin lokacinta, da kuma mi ya faru a gidan ko tsakaninta da ƙawayenta wata ɗaya ko biyu kafin a sayo wayar.